Farin Rairayin da Ya Ci Ƙafar Shaibu

Duk wanda ya san kokowa a ƙasar Mayahi ya san ƙafar Shaibu kafin ya san fuskarsa. Ƙafa ce mai faɗi, yatsunta a warwatse, in ya kafa ta cikin rairayin fili sai ka ce turke aka dasa. Shaibu ɗan kawuna ne na Issawane, ni kuma Lawali haifaffen Tasawa, don haka taubasai muke, kuma tun muna yara ba ni da aiki sai tsokanar ƙafar nan. Nakan ce masa ranar rabon ƙafafu ya makara, ta raƙumi ya tarar ta rage. Shi kuma ya ce tawa ta ƴan lakwal ce, wato ƴan boko, ba abin da ta sani sai takalmi. A iya sanina, har muka bar gida ba a taɓa kai gwiwarsa ƙasa ba.

Saboda ƙafar nan muka kama hanya. Wani ne ya hure masa kunne cewa a Faransa ƴan Senegal na shirya kokowa cikin manyan ɗakuna, ana biyan mutum da kyau. Ni kuwa na bi shi ne don ina jin Faransanci, na yi kwaleji har aka gaji da ni aka koro ni. Shi ne ƙarfin tafiyar, ni ne bakinta.

Ba zan tsaya kan Sahara da teku ba, waɗanda suka fi ni shan wuya sun riga sun ba da wannan labari. Zangonmu na farko mai tsawo gonakin tumatir ne a kudancin Italiya. Muna kwana cikin wani kangon masana'anta, mu tashi mu sunkuya har rana ta faɗi, mai gona yana zagin mu da harshen da ba mu ji. Duk gajiyar da aka yi, Shaibu ba ya kwanciya sai ya wanke ƙafafunsa ya shafe su da basilin, yatsa bayan yatsa. Ƴan ɗakinmu suna dariya suna ce masa amarya. Shi kuwa sai ya duba jakar da ya ɓoye gurayensa da layunsa na kokowa, ya mayar da ita ƙarƙashin kansa.

Da tumatir ya ƙare muka hauro arewa zuwa Torino, inda Faransa take bayan duwatsu kaɗai. Mun gwada jirgin ƙasa. A tashar iyaka aka shigo aka bi kujera kujera, aka tsallake duk wani farin mutum aka tsaya a kanmu. Aka maido mu. Muka sake gwadawa aka sake maido mu. Masu ƙarfin hali suna bin dutse da ƙafa cikin duhu, kuma muna jin labarin waɗanda ba a gano gawarsu sai ƙanƙara ta narke. Sanyi ya shigo, aiki babu, Shaibu ya fara ramewa, kuma wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

A nan Habu ya same mu, a bakin wani masallaci na ƙarƙashin bene. Ya ji muna Hausa ya juyo da fara'a.

"Kai! Wanga harshe na gida ne. Ƴan ina?"

Da Shaibu ya ce Issawane sai mutumin ya dafe kai. Ya ce shi na wani ƙauye ne kusa da garin Sarkin Hausa. Ya ƙura wa Shaibu ido, sannan ya kama buga taken da makaɗa ke yi masa a fili, da yatsu a kan cinyarsa, bai kuskure ko ɗaya ba. Na ga idon ɗan'uwana ya kawo ruwa. Ranar Habu ya kai mu ɗakinsa ya tuƙa mana tuwon garin alkama da miyar kuka, har da daddawa. Rabonmu da ƙanshin daddawa tun gida. Muna saukowa daga benen Shaibu ya ce mini, "Lawali, wanga namu ne." Ni ma na yarda, kuma har yau in na ji ƙanshin miyar kuka sai raina ya ɓaci kafin yunwa ta zo.

Bayan mun ci tuwonsa sau da yawa ya fito da shirinsa. Ya zaunar da mu ya buɗe wayarsa, ya nuna mana wani dutse fari fat, mutane da tufafi masu launi suna gangarowa tsaye a kan wasu dogayen katakai biyu da aka ɗaure musu a ƙafa. Siki ake ce wa wasan.

"Masu bin dutse da dare jakkai ne," in ji shi. "Ku da rana tsaka za ku wuce, gaban jandarma, har su ce muku a sauka lahiya."

"Ta ƙaƙa?" na tambaya.

"Turist za ku zama, masu yawon buɗe ido. Dutsen ga, rabinshi Italiya, rabinshi Faransa. Ku hau ta nan cikin kujerun da waya ke ja, ku sulale ta can. Ga hular kwano, ga tabarau, ga ƙyallen ruhe baki, ga safar hannu. Wa zai ga baƙar fata? Mai siki ba a tambayar shi takarda, don mai kuɗi ne."

Ya ce duk Turai an san wurin saboda irin ƙanƙararsa. Attajirai na shirya zuwa tun shekara ba ta zagayo ba, su kama ɗaki, su zauna suna duban sama suna jiran ta zubo. Ba irin mai jiƙa mutum ba ce, gari ce busasshiya.

"Kai Shaibu, ka san rairayin Issawane? To shi ne sak, sai dai wanga fari ne."

Shaibu ya ce shi fa bai iya tsayuwa kan katako ba. Habu ya kwashe da dariya har da buga ƙafa.

"Kai da maza sunka kasa kayarwa, katako zai kada ka? Ɗiyan Nasara da ba su gama yaye ba suna yi. Tsayawa kawai za ka yi, gangare ya yi sauran."

Ya san inda zai taɓa, ya kuma taɓa. Muka ba shi abin da tumatir ya bar mana.

Kwanakin shirin nan, in faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi da muka yi a Turai. Habu ya kawo mana tufafin gwanjo, ni shuɗi, Shaibu ja kamar gauta. Muna sawa muna zagaya ɗaki muna koyon tafiyar masu hutu, wato kai a sama, dariya da ƙarfi ba dalili. Ya koya mini abin da zan ce in wani ya yi mana magana, Shaibu kuma aka ce ya zama kurma. Ya nuna mana yadda ake haɗa bakin katakan biyu in ana son tsayawa, muka gwada a kan siminti da tsintsiya da sandar goge ɗaki, muka ga ai abin ba wuya. Kullum da safe Habu na duba waya ya ce ba ta zubo ba tukuna. Yana son ranar da sabuwa ta kwana tana zuba, don ranar ce jama'a ke cika dutsen har ba mai duban wani.

Takalman ne suka zo a ƙarshe. Ban taɓa ganin irinsu ba: roba mai tauri kamar ƙarfe, har ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe, ba sa lanƙwasa ko kaɗan. Nawa sun shiga. Na Shaibu sai da muka taru mu biyu muna turawa, shi yana cije leɓe, kafin ƙafar ta shige yatsun a tattare.

"Sun yi mini kaɗan," ya ce.

"Hakanan aka sa su," in ji Habu. "In ba su matse ba, ba siki ba ne."

Da ranar ta zo, a tashar motar dutse ya karɓe takalmanmu na gaske da jakunkunanmu, har da ta gurayen Shaibu. Ya ce mai siki ba ya yawo da kayan ɗan gudun hijira, wani direba abokinsa zai tarar da mu da su a ƙauyen farko na Faransa. Ya rataya mana katin shiga, ya tura mu cikin layi, ya ɗaga mana hannu.

Kujerar ta kwashe mu ta yi sama da mu. Ƙasa ta yi nisa, itatuwa suka koma ƙarƙashin ƙafafunmu, Shaibu yana ta salati cikin ƙyalle. Wurin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Komai fari, rana na haskawa, shiru kamar ba a taɓa yin laifi a duniya ba. Abin da Habu bai gaya mana ba shi ne kujerar ba ta tsayawa a sama, kai ne za ka miƙe ka sulale tana tafiya. Muka miƙe muka zube tare, katakanmu suka sarƙe, aka tsayar da wayar gaba ɗaya saboda mu. Mutanen da ke rataye a baya suna ta ihu da tafi.

Wannan ne kayen Shaibu na farko a gaban jama'a, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi na daina lissafi. Ya tashi ya faɗi. Ya kafa ƙafa yadda ya saba, ƙasar ta gudu daga ƙarƙashinsa. Wata malama ta wuce da jerin yara ƙanana a bayanta, suka kewaye shi yana kwance, ɗaya ta ɗaga masa hannu. Wasu samari suka tsaya suna ɗaukar sa a waya, suna kwaikwayon yadda yake buɗe hannuwa kamar mai shirin kama abokin karawa. A wata faɗuwar hular ta fita, ƙyallen ya zame, fuskarsa ta bayyana. Dariyar ta canja. Wani ya nuna mu da sanda, sai ga wani ma'aikacin wurin ya tsaya daga nesa yana kallon mu yana magana cikin rediyon hannu.

"Lawali, mu bar musu hanyarsu," in ji Shaibu. "Da ƙafata ni zo duniya, da ita zan shiga Faransa."

Muka kwance katakan muka bar su nan, muka sunkuya ƙarƙashin igiyar da ta yi wa filin iyaka, muka faɗa cikin itatuwa ta gefen da Habu ya ce Faransa take.

A can ne muka gamu da garin ƙanƙarar da attajirai ke biya don su gani. Ba a taka shi ba, ba a daddale shi ba. Taku ɗaya ka nutse har cinya. Takalman nan kuwa ba don tafiya aka yi su ba, kowane ɗaya kamar an ɗaura maka turmi. Mun yi ta fama har rana ta take tsaka, kuma in na waiwaya ina hango igiyar da muka baro. Shaibu yana ɗingishi, yana cewa yatsunsa za su karye. Can ya zauna a kan wani kututture ya kama ɓalle maɗauran.

"Mi kake yi haka?" na ce.

"A gida in rairayi ya yi zurhi, mi muke yi?"

"Mu tuɓe takalmi mu riƙe a hannu. Amma wanga ba rairayi ba ne, Shaibu."

Ya ɗebo shi cikin tafin hannu ya hura, ya tashi kamar garin gero, bai bar ko laima a safar hannunsa ba.

"Ka gani? Ko jiƙa ba ya yi. Habu ya faɗa. Kai dai ɗan lakwal ne, tsoron ƙasa kake."

Ya zare takalman ya miƙe daga shi sai safa. Ya yi ƙara da sanyin ya soke shi, ya yi tsalle, ya zagi dutsen da uwar dutsen. Amma da ya fara tafiya sai na ga Shaibun da na sani. Yatsun sun buɗe, yana keta garin nan yana buɗa mini hanya, ni ina bin sawunsa da turamena. Da farko ya rataya takalman a wuya, da suka dame shi ya yi jifa da su cikin kwari. Bayan wani lokaci ya waiwayo yana dariya.

"Sanyin ya bari! Har ɗumi nike ji. Tuɓe naka, raggo!"

Na yi murna da jin haka, wallahi na yi murna. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa in ƙafa ta daina jin sanyi mutuwa ta fara yi. Na gwada ɓalle nawa, yatsun hannuna suka kasa, abin da ya cece ni ke nan. Da ƙarfina ya ƙare na zube, shi ya ɗaga ni ya saɓa a kafaɗa kamar buhu, ya gangara da ni a kan ƙafafun nan.

Da la'asar sakaliya muka fito wani ɗan ƙauye, gidaje kaɗan na dutse da hayaƙi a kansu. Allon bakin hanya da Faransanci yake. Mun iso. Ba direba, ba jaka, ba wanda ya taɓa jin sunan Habu. Wata tsohuwa ce ke ɗibar itace a ƙofar gidanta. Ta dube mu, ta dubi ƙafar Shaibu, ta saki itacen ta rufe baki da hannu.

Ta shigar da mu ba ta tambaye mu ko suna ba. Shaibu na ganin murhun ƙarfe yana ci ya ja kujera ya miƙa ƙafafu zai manna su, yadda muke jin ɗumi a gida. Tsohuwar ta daka masa tsawa ta fizgo kujerar da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ce in gaya masa zai gasa su bai sani ba. Da almakashi ta yanke safar, don ta daskare ta manne da fata. Ƙafar da na yi shekaru ina tsokana ta fito toka-toka, da tauri, ta ƙwanƙwasa ta da farce ta yi ƙara kamar ice. Ta kawo ruwa mai ɗan ɗumi a kwano ta sa su a ciki, ta ba mu romo da burodi.

Da jini ya fara komawa sai ihu ya tashi. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kuka ba, kuma ba na fatan in sake ji. Tsohuwar ta rungume kansa a ƙirjinta tana ce masa ɗana, ɗana. Sannan ta dube ni ta ce in ta kira motar asibiti, hukuma za ta san da mu, in kuma ba ta kira ba, abin zai hau har gwiwa. Na fassara masa.

"Kada ta kira," ya ce. "Mun sha wuya mun shigo. Gobe za su warke."

Na juya na ce mata ta kira.

A asibiti ba su yanke nan da nan ba, sun ce sai an ga inda mutuwar ta tsaya. Muka zauna makonni muna kallon yatsun suna baƙi ɗaya bayan ɗaya, suna bushewa. Shaibu na roƙon ma'aikatan su ba shi basilin. Ranar da likita ya zo da hukunci, ni ne bakin tafiyar, don haka daga bakina ɗan'uwana ya ji cewa za a cire yatsun duka, da rabin tafin ƙafar dama. Ya tambaye ni ko mutum na iya kokowa ba yatsu. Ban fassara wannan ba.

Na ari waya na kira Habu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"To wa ya ce ya tuɓe? Ni na ce ya tuɓe? Kai, ina takalmana da katakaina? Na haya ne fa, ku kun san abin da kunka ja mini?"

Na zage shi, na zagi tuwonsa, na zagi ranar da muka gan shi. Ya kashe wayar, kuma lambar ba ta sake shiga ba. Ina jin yana nan har yanzu a bakin masallacin nan, yana sauraren harshen gida.

Takardar zama ba ta samu ba. Da aka ce akwai masu mayar da mutum ƙasarsa in ya yarda, Shaibu ya ce gida, ni ma na bi shi. Mutanen asibitin suka yi masa wasu baƙaƙen takalma masu kauri, an cike gabansu da wani abu mai laushi, in ya sa su yana tafiya a hankali ba ka cewa komai sai dai ka ce gajiya ce. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Duk wayar da ya yi da mahaifinsa, Kawu Idi, lafiya lau yake ce masa.

Daga Yamai muka shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Tasawa, muka kwana gidanmu, washegari muka hau babura zuwa Issawane. Labari ya riga mu isa. Kawu Idi na zaune kan tabarma gindin itacen bedi tare da dattawan gari, mata na leƙe ta kan darni, makaɗin Shaibu na dā ya rataya gangarsa yana buga taken nan tun daga nesa. Samari suna ihu suna cewa bana Issawane za ta karɓo kambinta na kokowa a fili.

A wurinmu ba a tunkarar manya da takalmi. Tun daga nesa na tuɓe nawa na riƙe, na ƙarasa na durƙusa. Shaibu ya taho a hankali da nasa a ƙafa, har bakin tabarma, ya ɗan rusuna iyakar yadda zai iya ba tare da ya faɗi ba. Dattawan suka dubi juna. Kawu Idi bai amsa gaisuwar ba.

"Abin da Turai ta koya maka ke nan?" ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji. "Lawali da ya yi lakwal ya tuɓe nashi, kai da ni haifa cikin garken awaki ka fi ƙarfin ka tuɓe? Ko takalmin Nasara ya fi ubanka daraja?"

Na buɗe baki, Shaibu ya harare ni na rufe.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri ni tambaye ka ba. Tuɓe!"

Shaibu ya dafa ƙasa da hannu biyu ya zauna cikin rairayi. Ya kwance igiyar dama, ya kwance ta hagu, ya zare takalman ya ajiye su gefe ɗaya a jere, sannan ya zare safar. Gangar ta yi bugu biyu ta tsaya. Wata mata ta yi salati a bayan darni.

Kawu Idi ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya janye. Da ya yi magana, muryar ba ta kai ƙarshen tabarmar ba.

"Maida abinka, ɗana."

Har yau Shaibu ne kaɗai a Issawane ke taka tabarmar dattawa da takalmi, kuma ba wanda ya sake ce masa ya tuɓe.